Ranar da Festy Mannion Ya Tsaya a Giɓi

A ƙauyen Kilbarra babu wanda bai san cewa Festy Mannion ne ya gina rabin birnin Landan ba. Sun sani ne don shi ya faɗa musu, kuma bai fasa faɗa ba tun ranar da ya dawo gida da akwatinsa da ciwon bayansa. Ɗaya rabin ma, in ji shi, ba don wata mura da ta kwantar da shi ba, da ya ƙarasa. Matarsa Nuala ta daɗe da daina musu. In ya fara, sai ta ci gaba da fere dankalinta, ta ce Allah ya ƙara lafiya, a wuce wurin.

Amma bana Nuala ba ta da sararin dariya. 'Ya'yanta maza biyu sun tafi Ostareliya, ba ta ganinsu sai ta fuskar waya. Saura auta, Sorcha, wadda ta gaji masaƙar kakarta ta kafa ta a tsohon ɗakin shanu na bayan gida, tana saƙa barguna da mayafan wuya da ulun tumakin dutse. Saƙa kam ta iya, mai gani ne babu. Motar da ke tasowa daga birnin Galway kowace safiya, cike da baƙi masu son ganin sana'o'in ƙauye, takan wuce mararrabar Kilbarra ko sassauta gudu ba ta yi. Sorcha ta faɗa wa uwarta a fili, ba da faɗa ba, cewa in lokacin baƙi ya wuce motar nan ba ta fara tsayawa a garin ba, za ta lulluɓe masaƙa ta bi yayyenta.

Nuala ta kai kukanta wurin Allah, ta kunna kyandir a coci. Sannan ta kai shi wurin Dervla Tierney, mai motar, ta waya, safe da yamma, har matar ta gaji ta ce to, ranar Alhamis za ta tsaya sau ɗaya ta gani. In ya yi mata, shi ke nan. In bai yi ba, kada a sake kiranta tana tuƙi.

Ranar Lahadi bayan an fito coci aka tsara komai a bakin ƙofa. Abu ne mai sauƙi. Baƙi su sauka a mararraba, su bi titi zuwa gidan tsohuwa Nan Folan su ga yadda ake kaɗa man shanu, ɗanta Coley ya nuna musu yadda karensa ke tattara tumaki, sannan a ƙare a masaƙar Sorcha da shayi da burodi. Abu ɗaya ya rage, wanda zai shiga gaba yana yi musu bayani. Kowa ya dubi takalminsa. Sai Festy ya yi gyaran murya.

"In dai magana ce, ai kun zo gidanta," in ji shi.

Coley ya dube shi ta ƙarƙashin hula. "Festy, yaushe rabonka da shiga gona?"

"Ƙafata ce ta bar gona, Coley. Jinina bai bari ba."

"To jinin ne zai yi musu jagora, ko ƙafar?"

Fada Heneghan, limamin cocin, wanda abincinsa ke hucewa a gida, ya ce tunda babu wani mai so, a bar wa Festy. A hanyar gida Nuala ta riƙe hannun rigar mijinta ta lissafa masa a hankali: titi, man shanu, kare, masaƙa, kada ya ƙara ko ƙwayar gishiri. Festy ya ce ta kwantar da hankalinta, mutumin da ya sarrafa leburori a Landan ba baƙi 'yan cikin mota ɗaya ne za su gagare shi ba. Wannan maganar ce ta hana hankalin nata kwanciya.

Alhamis ta waye da rana, abin da kowa ya ɗauka alheri ne. Festy ya fito cikin falmaran ulu ta marigayi surukinsa, da hula, da sandar ƙaya da ya sayo a shagon baƙi a Galway, da sababbin takalman roba waɗanda ko takardar kanti bai cire ba. Nuala ta bi shi da kwandon burodi, don zuciyarta ba ta yarda ta bar shi ya tafi shi kaɗai ba.

Mota ta tsaya, baƙi suka sauko suna miƙa. A cikinsu akwai wani ƙaton Ba'amurke mai suna Walt, wanda tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya sanar cewa kakarsa daga wannan yankin take, da wata doguwar Bajamushiya mai sandunan tafiya biyu wadda take ɗaukar komai a wayarta. Dervla ta sauko ƙarshe, tabarau a hanci. Ta gaisa da Nuala, ta ce ƙarfe uku motar za ta tashi, da an gama da ba a gama ba.

Festy ya ɗaga sanda. Ya yi musu maraba da sunan kakanninsa, waɗanda ya ce sarakuna ne kafin a yi musu ƙwace. Sannan ya ce titi na motoci ne da masu gajiya. Su da suka ƙetaro teku ba za a raina musu hankali da kwalta ba, za a yanka ta gonaki, a ga kabarin wani tsohon sarki da ko 'yan tarihi ba su san da shi ba.

"Festy," in ji Nuala a hankali. "Titi."

"Gajeriyar hanya ce, mata. Za mu riga titin isa."

Baƙi sun riga sun bi shi.

Gonakin Kilbarra ba su da ƙyaure, ba su taɓa yi ba. Katako tsada, iska kuma ba ta barin abu mai faɗi a tsaye. Kowace katangar duwatsu tana da giɓinta, wato wurin da aka jera 'yan mulmulallun duwatsu sako-sako. Mai wucewa ya sauke su, ya wuce, ya mayar. Yaron da aka haifa a garin daga nesa yake gane wurin. Kuma doka ɗaya ce tun kaka da kakanni, wanda ya buɗe shi zai rufe da hannunsa. Mutumin da ya bar giɓi a buɗe, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Festy ya tsaya a gaban katangar gonar Coley ya yi wa baƙi wannan bayani duka, kuma, a faɗi gaskiya, ya yi shi da kyau. Matsalar inda ya tsaya. Giɓin na nan taku biyu zuwa hagunsa, Nuala na kallonsa ƙiri-ƙiri. Shi kuwa ya dafa ainihin katangar, wadda kakan Coley ya gina ta kuma tsaya tun daga lokacin. Nuala ta yi tari. Ta nuna masa da haɓa. Festy ya ce wa baƙi matarsa na fama da sanyin ƙirji, su yi mata uzuri.

Ya ja dutsen sama, ya ƙi. Ya ja na kusa da shi, ya ƙi. Sai ya durƙusa, ya ce a Landan daga tushe ake fara komai, ya sa hannu biyu ya fizgo wani dogon dutse daga ƙasa.

Katangar ta yi shiru kamar mai tunani. Sannan ta zauna. Ta fara daga gabansa ta bi dama tana zubewa a hankali, dutse na tura ɗan'uwansa, har sai da aka sami fili da motar Dervla za ta shige a kaikaice. Giɓin gaskiya, can hagu, ko motsi bai yi ba.

Baƙi suka tafa. Festy ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce haka ake yi in jama'a na da yawa. Bajamushiyar ta tambaye shi ko ba yanzu ya ce mai buɗewa shi ke rufewa ba. Ya ce ƙwarai, in sun dawo. Nuala ta dubi tarin duwatsun, ta dubi kwandon da ke hannunta, ta dubi can ƙarshen gonar inda tumakin Coley ke kiwo. Ragonsu, wanda ake kira Saje saboda halinsa, ya ɗago kai yana tauna yana kallon sabon filin. Ta yi alamar gicciye ta bi sahu.

Kabarin sarki wani ɗan tudu ne mai ciyawa a kusurwar gona ta gaba. Festy ya cire hula ya ba da labarin yaƙin da sarkin ya yi shi kaɗai da rundunar da ta zo ta teku. Walt ya cire tasa hular, idanunsa suka cika. Ya durƙusa ya ɗebi 'yar ƙasa ya ƙulle a hankici, ya ce wa ya sani ko jininsu ɗaya. Festy ya dube shi sama da ƙasa ya ce akwai kama a goshi.

Daga nan gajeriyar hanyar ta bi ta gefen fadamar da ake yankan baƙar ƙasar hura wuta. Festy ya ce kowa ya taka inda ya taka, sirrin fadama shi ne a nemi inda ya fi kore shar, nan ne ƙasa mai ƙarfi. Nuala ta buɗe baki, amma ya riga ya taka. Ƙafarsa ta dama ta nutse har cinya. Walt da wani saurayi suka kama shi ta hamata suka ja, ƙafa ta fito da wata irin ƙara, takalmi ya zauna a ciki. Festy ya ce da gangan ya yi, don su ga abin da bai kamata a yi ba. Bajamushiyar ta ce ta gode, ta ɗauka da kyau.

Da haka suka iso gidan Nan Folan ta bayan gida, lokacin da masu bin titi da sun daɗe da gamawa. Nan, 'yar ƙaramar tsohuwa da ta haura tamanin, tana zaune a kicin gaban gangar katako ta kaɗa madara, tana ɗaga sandarta tana saukewa. Festy, wanda ya fara jin lokaci a jikinsa, ya kora baƙi ciki, ya ce ga man shanu nan, sun gani, ya juya zai koro su waje.

Nan ta miƙa sandar dogarawarta ta tare ƙofa.

"Ba mai fita," in ji ta.

Duk ɗan Kilbarra ya san wannan. Wanda ya shigo gida ana kaɗa madara, ko Fada ne ko mai kawo wasiƙa, sai ya ce Allah ya sa albarka a aikin, ya karɓi sandar ya buga ko sau biyu. In ya fita bai buga ba, ya tafi da man a ƙafarsa, ko a kwana ana kaɗawa ba zai taru ba.

"Nan, waɗannan mutanen ilimi ne," in ji Festy. "Ba su san camfin tsofaffi ba."

"Yau za su sani. Kai ma da aka haife ka a gidan can na ga ka manta. Ina ɗaya takalmin?"

"Yana fadama."

"Ya fi ka sanin inda ya kamata ya tsaya."

Festy ya dubi agogon bango ya ce to, shi zai buga a madadin kowa, bugu ɗaya na namiji ya fi na mutum ashirin. Ya naɗe hannun riga, ya tofa a tafi, ya ɗaga sandar har ta kusa taɓa rufi, ya sauke ta da ƙarfin da ya gina Landan. Murfin gangar ya tashi. Madara ta bi bango, ta bi kyanwar da ke barci, ta rufe tabarau ɗin Dervla ruf, ragowar ta sauko daga rufi ɗis-ɗis a kan hular Walt.

Nan ta dubi bangonta. Ta ce ta ga masu sace man shanu da ido, ta ga masu sacewa da ƙafa, amma yau ne ta fara ganin wanda ya yi wa gida fenti da shi. Ta mayar da murfi, ta kira baƙi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya faɗi addu'ar da karyayyen harshe, ya buga, ya miƙa wa na baya. Suna dariya, suna gardamar wa ya fi iyawa. Nuala ta cire gyalenta tana goge tabarau ɗin Dervla tana ba da haƙuri.

Da layi ya zo kan Walt, ya nuna wa Nan ƙullin hankicinsa, ya gaya mata inda ya ɗebo.

"Tudun kusurwar gonar Coley?" in ji Nan. "Wane sarki? Jakinmu ne. Ni na riƙe wa mijina fitila da ya haƙa ramin. Jakin kirki ne dai, ban hana ka ƙasarsa ba."

Walt ya dubi Festy. Festy ya ce an binne jakin ne a kan sarkin, don ɓad da sawu.

Man ya taru a ƙarshe, ɗan curi, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Nan ta wanke shi ta naɗe ta sa a kwandon Nuala ba tare da an tambaye ta ba. Nuala ta dubi agogo, biyu ta wuce sosai. Ba a ga kare ba, ba a ga masaƙa ba, kuma tana iya hango Sorcha can a ɗakin shanu, ta share ƙasa ta jera barguna, tana leƙen hanya.

A lokacin ne suka fara jin kukan tumaki.

Da suka fito ta ƙofar gaba, titi ya ɓace. Daga ƙofar Nan har mararraba ulu ne kawai yake motsi. Tumaki sun kewaye motar Dervla, sun shiga lambun Fada suna cin kabejinsa, Fada na kora su da jarida. Saje kuwa ya hau matattakalar coci ya tsaya kamar shi zai yi wa'azi. Duk Kilbarra ta fito bakin ƙofa, masu shayi a hannu, masu jarirai a kafaɗa. Ta tsakiyar tumakin Coley ya taho a hankali, karensa Moss a gefen ƙafarsa.

Coley ba mai ɗaga murya ba ne. Ya tsaya gaban Festy ya tambayi wanda ya kwantar masa da katangar kakansa.

"Iska ce, Coley. Ka san iskar tudun nan."

"Yau ko ganye bai kaɗa ba."

"Ai ta gama aikinta ta tafi."

Bajamushiyar, wadda ba ta son a bar tambaya ba amsa, ta matso ta nuna wa Coley wayarta. Maƙwabta suka taru a bayansa. Aka kalla sau ɗaya, aka roƙi a maimaita daga inda ya ce a Landan daga tushe ake farawa.

Festy ya ga garin duka na kallonsa, ya ga dama ɗaya ta rage ya wanke kansa. Ya ce tumaki ai ba abin tashin hankali ba ne, shi da karnuka tun yana yaro suke fahimtar juna. Kafin Coley ya ce kada, ya sa yatsu biyu a baki ya yi wani dogon fito mai lanƙwasa a ƙarshe.

Moss kare ne mai biyayya, ba ya tambayar bakin da fito ya fito. Kuma fiton da Festy ya yi, ba da saninsa ba, shi ne na a tattaro komai a kawo wa mai kira. Moss ya kwantar da ciki ya yi wani faffaɗan zagaye ta bayan coci. Ya tattaro tumakin mararraba, ya tattaro na lambu tare da Fada da jaridarsa, ya haɗa da baƙin da ke tsaye a titi, ya dunƙule su wuri guda ya nufo Festy da su. Saje ne a gaba, kai a sunkuye.

Festy ya dubi ƙahon. Ya yar da sandar ƙaya ya juya ya zura, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya safa, ya nufi gida kamar yadda kowa ke yi in ta ɓaci. Moss ya ga mai kira ya matsa, ya bi shi da kayan da aka ce ya kawo.

Nuala ta tsaya daƙiƙa ɗaya tana kallon inda taron ya dosa. Sai ta tattare siket ta yanka ta bayan gidan Nan, ta giɓin da ta sani, ta riga kowa isa. Ta wangale ƙofar ɗakin masaƙa ta tsaya a bakinta. Duk mai ƙafa biyu ta ja shi ciki, duk mai huɗu ta kauda shi da kwando. Dervla ce ta ƙarshe. Nuala ta rufe rabin ƙofar na ƙasa, ta jingina da shi tana haki, ta ce musu barka da zuwa masaƙar 'yarta.

Ta saman ƙofar kowa ya ga sauran. Festy ya haye gangar ruwan sama da ke gindin bango ya tsaya a bakinta yana yi wa Saje magana da lalama. Saje ya ja baya, ya auna, ya daki gangar sau ɗaya. Festy ya shige ciki har wuya, hularsa ta tashi tana yawo a kan ruwa. Kilbarra duka tana jingine da katangar gidan, ba wanda ya rasa wurin kallo.

Dervla ta dubi agogonta ta ce uku ta yi, za su tafi. Coley ya leƙo ta saman ƙofa. Ya dubi Nuala, ya dubi Sorcha da ke tsaye jikin masaƙa fuskarta ta yi ja, sannan ya cire hula ya gaya wa Dervla cewa mota ba za ta motsa ba sai tumaki sun bar titi, tumaki kuma ba su da wurin komawa sai an ta da katanga. Ya ce zai ɗauki lokaci. Ya ce shi kuma mutum ne mai aiki a hankali.

Mazan gari suka tsamo Festy suka haura tudu da shi. A ɗakin, baƙi na tsaye cikin warin ulu da jiƙaƙƙun riguna, ba wanda ya san abin yi. Nuala ta ce, "Zauna, 'yar nan, ki yi aikinki."

Sorcha ta zauna. Ƙafafunta suka taka, ƙoshiya ta wuce ta dawo, masaƙa ta ɗauki bugunta na kullum. Ba ta yi wani bayani ba, sai in an tambaye ta. Launin toka daga gansakukar dutse ne, rawaya daga bawon albasa, ulun kuma na waɗanda suka koro su yanzu ne. Nuala ta yanka burodi ta shafa man da suka kaɗa da hannunsu, ta zagaya da shayi. Walt ya ɗauki wani bargo mai ratsin ja ya daɗe yana shafawa, ya ce irinsa ne a gadon kakarsa har ta rasu, sai ya nemi hankici ya share ido ya tuna abin da ke ciki, ya yi amfani da hannun riga. Bajamushiyar ta ajiye wayarta a kan taga ta manta da ita. Can Nuala ta waiga ta ga Dervla a kujerar masaƙa, ta cire takalmi, Sorcha na nuna mata inda za ta taka.

Rana ta yi sanyi kafin titi ya buɗe. A bakin mota Dervla ta tsaya gaban Nuala tana goge ragowar madara a gefen tabarau. Ta ce Talata da Alhamis, daga mako mai zuwa. Ta ce a bi titi. Ta ce Sorcha ce za ta yi bayani, ko Nan, ko karen ma, kowa dai banda mutum ɗaya. Nuala ta ce ta ji, Allah ya kai su lafiya.

Da ta koma gida ta leƙa ɗakin shanu. Sorcha ta sauko da manyan ƙullayen zare daga kanta tana ja wa masaƙa sabon zaren tsaye, dogo, irin wanda ba ya ƙarewa sai tsakiyar hunturu. Nuala ta tsaya bayan ƙofa ta yi godiyarta ga Mai Sama a ɓoye, sannan ta cika butar shayi ta haura tudu.

Maza sun ta da katangar, don Fada ya roƙa, amma Coley ya bar faɗin mutum ɗaya ya ce wannan na mai buɗewa ne. Festy ya gina shi sau biyu irin na Landan, miƙe sumul, sau biyu yana zubowa a kan ƙafarsa mai safa. Da Coley ya mayar da tumaki sai ya ce masa to ya tsaya a wurin da jikinsa har dabara ta zo. A haka Nuala ta same shi, a jiƙe, hannuwa a buɗe, yana toshe giɓi, Saje na kiwo kusa yana ɗago kai lokaci-lokaci.

Ya karɓi shayi ya sha. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Yarinyar fa?"

"Tana jan zaren hunturu."

Festy ya dubi cikin kofin. Ya ja hanci, ya ce iskar tudun nan na sa ido ruwa. Sannan ya gyara tsayuwa.

"Ai na gaya miki za mu riga titin isa."

"Ka gaya mini. Ɗauki wancan mulmulallen. A'a, na kusa da shi. Kada ka matse su, bar wa iska hanya."

Tana nunawa yana ɗorawa, hannunsa idonta, har duwatsun suka kai ƙirjinsa suka tsaya ba ko girgiza. Festy ya ja baya ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa. Ya ce ko a Landan bai yi wanda ya kai wannan ba, gobe sai ya kira Coley ya zo ya koya.

Sai ya lura cewa Nuala na wancan gefen katangar, shi yana wannan. A bayansa wani abu ya daina tauna.

"Nuala," in ji shi a hankali.

Ta ɗauki butarta ta juya ta kama hanyar gida.

"Taku biyu zuwa hagu, Festy. Kuma ka rufe in ka fito."